Goran Irin Kankanar Inna

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Daga Dije 'yar Malam, mazauniyar Toranke ta ƙasar Gaya, zuwa ga ƙanena Tanko, a zangon fatake da ke hayin Kwara, kan hanyar Gwanja. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalin da na ji ka yi, waɗanda ko sunansu ban sani ba. Mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah.

Bayan haka, na san ba da idonka za ka karanta ta ba, domin tun Baba yana da rai kai da allo kuka yi hannun riga. Wani malami za ka kai wa a zaure. To, ka ce masa ya ɗaga murya, kada ya tsallake komai don jin nauyinka. Idan akwai mutane a zauren, su yi zamansu. A gaban jama'a abin da ka yi mini ya fito, ba zan naɗe shi a tabarma in kai maka ɗaka ba.

Maganar kankanar Inna ce. Ta ƙare a Toranke, Tanko. Yau da nake rubutun nan babu ƙwaya ɗaya ta gaskiya a garin nan, kuma kai ne sanadi.

Ka san asalinta, amma bari in maimaita saboda masu saurare. Daga gabas Inna ta zo da irin, ƙulle a bakin zane, kyautar uwarta. Ja ce a ciki, ɓawonta siriri, in an fasa ta a tsakar gida sai na zaure ya ji ƙanshi. A 'yar jigawar nan ta bakin rafi take shuka ta, bayan tsamiya biyu, inda ruwa ke kwanciya da damina ya janye da kaka ya bar ƙasa da laima.

Ka tuna yadda ake yi. Inna ba ta shuka sai ta tura hannu cikin yashi har gwiwar hannu ta damƙo; in ya dunƙule bai ɗiga ba, lokaci ya yi. Taku uku tsakanin rami da rami, tafi guda na takin awaki wanda ya riga ya huce, ƙwaya uku a kowane rami. In sun fito sai ta bar biyu ta cire ɗaya. Kai kuwa tausayin na ukun nan kake ji, kana kuka in an tuge shi, wai me ya yi. Ni nake goya ka in zaga da kai har ka yi shiru.

Da yaɗo ya kama hanya, da hannu muke juya masa kai don kada ya hau ɗan'uwansa. Da 'ya'ya sun kai girman dunƙulen hannu, a yi wa kowace gammo na busasshiyar ciyawa saboda ruɓa, a ja ganye a rufe ta saboda rana da idon dila. Wadda ta fara fitowa kusa da gindi kuwa Inna takan ɗaura mata kaba. Uwar iri ke nan: ba a sha, ba a kyauta, sai ta nuna ta wuce nuna.

Sai kuma dokar guna. Duk Toranke babu gonar da ba a jefa guna tsakanin gero, don miya da mai da dabbobi, kuma Inna ta fi kowa iya miyarta. Amma takan ce, "Kankana ba ta maƙwabtaka da guna, ƙudan zuma ke kai gulma tsakaninsu." Shi ya sa kowace safiya sai ta zaga lambun, iyakar inda kira zai kai, tana tuge duk gunar da ta tsiro da kanta. Mutane sukan karɓi iri a hannunta su shuka kusa da gunarsu. Shekarar farko su sha zaƙi, ta biyu abu ya fara lami, ta uku su dawo da 'yar ƙwaryarsu. Daga Balan ake zuwa, daga Ajingi ake biyowa ran kasuwa. Ba ta taɓa mai da kowa hannu wofi ba.

Gora biyu take da su, na shuka da na ajiya, domin ta ce mai gora ɗaya ba shi da iri. Shekarar da za ta rasu ta cika na ajiyar da hannunta, ta gauraya irin da toka, ta toshe bakin da yumɓu, ta dangwala babban yatsanta a kai. Ta kira mu mu biyu ta ce amana ce a hannunmu. Kana durƙushe a damana, kai ne ma ka miƙe ka rataye shi a ragaya don ka fi ni tsawo.

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada wani a zauren ya ce tsohuwa ta wanke kanta tas. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka'ida ita ce duk shekara biyu a fasa goran ajiya a sabunta shi. Ban yi ba. Na kasa fasa yumɓun da ke ɗauke da yatsan Inna. Duk safiya in na shiga share ɗakinta sai in ɗaga hannu in shafa gurbin yatsan nan, in yi mata addu'a, sannan in kama aikina.

Shekara guda bayan rasuwarta ka ce za ka bi ayarin mutanen Gaya zuwa Gwanja, tafiya ɗaya tak, ka dawo kafin damina ta biyu. Na daka maka garin gero da yaji, na ɗinke maka taikinka da ya yage. Da safen da za ku tashi, muna tsaye a ƙofar gida, na tambaye ka ko in ɗebar maka iri daga goran shuka, ko za ka samu inda za ka jefa. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, me falke zai yi da kankana?" Na riƙe maganar nan da kyau. Ashe a lokacin irin Inna kaf yana cikin taikin da na ɗinke maka.

Damina biyu ta wuce, babu kai babu aike. Ban yi fushi ba. Na ce hanya ce, hanya kuwa ba ta da alkawari.

Bara na shuka goran shuka gaba ɗaya, kamar kullum. Tsiro ya yi ganye huɗu, gwanin sha'awa, sai fara ta sauka. Da hantsi ta zo, kafin azahar lambun ya koma yashi. Na cire mayafina na rufe abin da zai rufu, na tsaya ina kaɗa kara ina ihu kamar mahaukaciya. Gindi uku suka tsira, su ma a gutsure.

Laima tana janyewa, in ban sake shuka cikin kwana uku ba shekarar ta tafi. Sai na ce, ai don irin wannan ranar Inna ta yi goran ajiya. Na sauke shi da bisimilla. Na sa wuƙa na zagaye yumɓun a hankali don gurbin yatsan ya fita lafiya, na naɗe shi a tsumma na sa a adudu.

Ba zan ce ban ga alama ba. Shekara arba'in ina taɓa irin nan, hannuna ya san shi kamar yadda ya san bakina. Da na zazzage na ga ƙwayoyin sun yi ƙanana, na ce tsufa ne ya motsar da su, toka kuma ta rufe launinsu. Da ganye ya fito da kaushi, na ce ƙasar ce ta gaji. Da 'ya'ya suka fito rututu, ƙanana, masu tauri, na ce albarkar hannun Inna ce. Gwaggo Asabe maƙwabciyarmu ta biyo ta lambun wata rana, ta tsaya ta duba ta duba, ta ce yaɗon nan nawa yana mata ido da guna. Na kusa cinye ta ɗanya. Na ce mata daga goran da Inna ta toshe da hannunta ya fito, in idonta ya mutu ta nemi kwalli. Tsohuwar nan ta ba ni haƙuri ta wuce, kuma har yau in mun haɗu a rijiya ni ke sunkuyar da kai.

Da yake shukar ta makara, laima ba ta isa ba, sai da na haɗa da ban ruwa. Wata uku ina hawa da sauka gaɓar rafi da tulu, da wannan bayan nawa da ka sani. Na yi wa kowace ɗiya gammo. Na ja ƙaya na toshe inda gafiya ke shiga. Kuma kowace safiya, Tanko, ina zaga lambun iyakar inda kira zai kai, ina tuge gunar daji ina jefarwa, sannan in dawo in shayar da lambu guda na guna. Su gindi ukun nan da suka tsira kuwa, da yake fara ta mai da su baya, tare suka yi fure da sauran, ƙudan zuma yana tashi daga wannan yana sauka kan wancan, ni kuma ina tsaye ina jin daɗin kukansa.

Ka san al'adar gidanmu: ta farko ba a fasa ta a gida. Liman ake kai wa ranar Juma'a bayan la'asar, ya fasa a zaure ya raba wa dattawa, a yi wa magabata addu'a. Na zaɓi wadda ta fi girma cikin shukar goran ajiya, don ina so a ce irin da Inna ta zuba da hannunta aka sha aka yi mata addu'a. Na wanke ta, na ɗora a faifai, na tsaya a bayan zana ina leƙe.

Da Liman ya sa wuƙa sai da ya danna da ƙarfi. Ta rabe biyu, fara fat a ciki. Bawan Allah nan ya yanki ɗan yanki ya sa a baki, ya tauna, ya haɗiye. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ce alhamdu lillahi, ya ja faifai ya rufe sauran, ya ɗaga hannu ya yi wa Inna addu'a doguwa, wadda bai taɓa yin irinta ba. Ɗacin guna ya haɗiye don ya rufa mini asiri. Da ya tofar ma da ya fi mini sauƙi.

Daga nan lambu na nufa da wuƙa. Na fasa ɗaya, fara. Na fasa ta biyu, fara. Haka na bi su layi layi, ina fasawa ina lasa, kamar akwai wadda za ta ce mini ƙarya ne. Harshena ya kwana uku bai san ɗanɗanon tuwo ba.

Kashegari na buɗe adudu na ɗauko yumɓun nan, na fito da shi rana a bakin ƙofa. Tun da aka rataye shi ban taɓa duba shi a haske ba, da hannu kawai nake shafa shi a duhun ɗaki. Yatsan Inna ƙarami ne, sumul. Wannan kuwa faffaɗa ne, na hannun hagu, da tabo ya ratsa shi a karkace. Bahago ɗaya ne a gidanmu. Tabon kuwa ni na ɗaure shi, ranar da lauje ya tsaga maka yatsa kana yankar wa akuyar Inna ciyawa, na yagi bakin zanena na naɗe maka, ka yi barci a cinyata.

Shekara biyu ke nan ina shafa yatsanka kowace safiya ina yi wa Inna addu'a. Wannan ya fi ɗacin gunar ci mini rai, kuma ina so ka ji shi da kunnenka a gaban mutane.

Duk da haka ban fid da rai ba, domin 'ya'yan gindi ukun nan sun fito ja, da zaƙinsu. Na ce Allah ya bar mini saura. Na wanke irin, na shanya a inuwa, na gauraya da toka, na riƙe shi kamar ƙwai. Bana na shuka. Abin da ya fito ba kankana ba ne, ba guna ba: wata ja-ja ce amma lami, wata kuma kyakkyawa a ido, ɗaci a baki. Ƙudan zuma ya riga ya gama aikinsa tun bara. Na bi gidajen da suka taɓa karɓar iri a wurinmu, har Ajingi na taka, duk nasu ya gauraye. Wani dattijo ya zo daga Balan da 'yar ƙwaryarsa, ya ce tun yana saurayi yake karɓa a hannun Inna. Na ba shi ruwa ya sha, na mai da shi hannu wofi. Bayan ya tafi na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta.

Ana nan sai ga Ilu mai jakai, na Gaya, ya dawo daga Gwanja ya biyo ya gaishe ni. Baki har kunne yake ba ni labari, wai a wani zango a hayin Kwara ya sha kankana ja mai siririn ɓawo, da aka fasa ta ƙanshi ya cika rumfa, ya tambayi wane ne mai ita aka nuna masa kai. Wai lambunka ya fi fadamar garinmu faɗi, wai Tanko mai jar kankana ake ce maka, ayari yakan ƙara kwana saboda ita. Shi a zatonsa albishir ya kawo mini. Na ba shi tukuici, don ba shi da laifi.

A ranar na gane abin da ya hana ka karɓar irin da na yi maka tayi a ƙofar gida. Tafi guda ba zai ishe ka ba, wannan ɗaya. Na biyu kuma, da ka ce in ba ka gora guda, da na san ba dawowa za ka yi ba, domin falke mai dawowa ba ya tafiya da iri. Ka ji tsoron idona. Ka gwammace ka sauke goran a ɓoye, ka cika shi da guna, ka kwaɓa yumɓu, ka zauna ka dangwala yatsa, ka mayar a ragaya, ka fito ka ci tuwona.

Ka fahimce ni da kyau. Ba ɗaukar ce ta dame ni ba. Uwarka ce kamar yadda take uwata, rabin goran nan naka ne, da ka tambaya da duka ma na ba ka, in yi kukana in share. Ko da ka ɗauka a ɓoye, da ka bar goran wayam, da ranar da na taɓa shi na ji ba nauyi, na cika shi daga amfanin shekarar, shi ke nan, sai dai in zage ka a zuci in huce. Ranar fara ma da na tarar da shi fanko, da gindi ukun nan kaɗai na rene su, babu guna kusa, da yau Toranke tana da iri. Cikawar nan da ka yi don kada a gane ka, ita ta kashe kankanar Inna. Da hannuna ka sa na shuka mata abin da ta yi shekara hamsin tana tugewa. Gaskiyar masu magana, naka ke ba da kai.

Sau da yawa "Allah ya isa" ta zo mini har bakin leɓe. Ban faɗa ba. Duk sa'ad da na buɗe baki sai in ga yaron nan da ke kuka don an cire tsiro na uku. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban ce na yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya a takarda ba. Amma da Ilu ya ce ƙanshinta ya cika rumfa, wani abu ya yi sanyi a ƙirjina, ban so ba ya yi. Tana raye. A hannun wanda ya cuce ni take, amma tana raye, kuma ashe duk ƙiriniyarka kana kallon hannun Inna.

Tun da a hannunka kaɗai ta saura, ka saurare ni, auta. Na san halinka da ruwa, kai a ganinka ƙauna ita ce a yi ta zubawa. In ɗan siririn zaren nan da ke murɗe a wuyan ɗiya ya fara bushewa, ka ɗauke tulu, ka bar rana ta dafa zaƙin. Kada ka ƙwanƙwasa ka tsinka da tsakar rana, ka bari sai da sanyin safiya. Ka ɗaura wa ta kusa da gindi kaba, ko madugu ne ya roƙa kada ka ba shi. Ka zaga lambunka kullum, ban san irin gunar ƙasarku ba amma kowace ƙasa tana da tata. Ka yi gora biyu, ka riƙa fasa na ajiya duk shekara biyu, kada ka yi wautar da na yi. In kana da 'ya'ya, ka gaya musu sunan matar da ta ƙullo irin nan a bakin zane. Ba kankanar Tanko ba ce.

Yanzu ga abin da ya sa na jiƙa tawada. Ilu zai koma da ayari, na ba shi takardar nan tare da goran Inna, na wanke shi na shanya har ɗacin ya fita. Ban ce ka dawo ba, na daina duban hanya. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, haƙuri ba ya tsira a rami. Iri nake roƙo, ni da aka sace wa nake roƙon wanda ya sata, kuma ban ji kunyar faɗa a gaban zaurenku ba. Ka zuba mini daga uwar iri, ko ƙwaya tara ce, rami uku ke nan, sun ishe ni in fara. Na riga na ƙone yaɗon bana, na tuge duk abin da ya yi kama da guna daga tsamiya biyu har bakin ruwa. Ƙasar tana nan tana jira.

In kuwa taka ma ta gauraye, ko zuciyarka ba ta ba ka ka raba ba, to ka dawo mini da goran wayam. Zan iya ɗaukar wannan. Kada ka zuba komai a ciki don ya yi nauyi a hannun Ilu. Bakinsa kuma ka toshe da tsumma kawai, kada ka kwaɓa yumɓu, kada ka dangwala yatsa.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka makwancinsu. Allah ya tsare lambunka daga fara da dila da mugun maƙwabci. Ya raya maka zuri'a, ya sa kada wani naka ya miƙa maka abin da ka miƙa mini. Ya ba ni tsawon rai in ga ranar da Liman zai sa wuƙa ta shige ba tare da ya danna ba, ya kuma sanyaya zuciyata har in iya faɗin kalmar da na kasa rubuta maka yau. Amin.

Wassalam. Ni ce yayarka da ta goya ka,

Dije.